Ranar da Baba Ya Cire Hularsa

Idan hira ta yi daɗi aka gangaro kan abin kunya, kowa yana kawo nasa ana shewa, ni shiru nake yi. Ba don ba ni da nawa ba, nawan ne ba ya shiga hirar dariya. Shekaru sun ja, na yi aure, na haifa, furfura ma ta fara leƙo ni a gemu, amma akwai wata Alhamis ta bazara a cikin birnin Zariya da ta ƙi sakina. Na san har a kai ni makwancina ba zan manta da ita ba.

Lokacin ina shekarar ƙarshe a jami'a, ina karatun injiniyan lantarki a Samaru. Sai aka raba mu rukuni-rukuni, aka ce kowane rukuni ya shiga cikin jama'a ya koya wa yara yadda ake samun wuta daga rana da iska, kuma kafin mu tashi mu bar musu wani abu mai aiki da za su riƙa gani. Shugabar rukuninmu wata 'yar Wusasa ce, mai natsuwa, ba ta magana sai ta auna. Sauran duk daga nesa suka zo karatu. Ni kaɗai ne ɗan cikin ganuwa, kuma wallahi ban bar kowa ya manta da haka ba. Da aka fara tunanin inda za a yi aikin, na buga ƙirji na ce su bar mini, da ɗan gari akan ci gari. A lokacin ji nake duk birnin a aljihuna yake.

Na zo gida na sami Baba. Mahaifina malami ne, a zauren gidanmu yake ba manya karatun littattafai bayan asuba, kuma mutum ne mai kiyaye kansa ƙwarai. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin ya taka ƙofar gida ba hula ba. Ko wanzami ya zo yi masa aski, sai an shiga ɗaki an saki labule. Ya saurare ni har na gama zuba, da Turancina da komai, sannan ya ce, "Zaure dai ga shi nan, ba ya ƙin baƙo. Amma ka sani ba zaure za ka ara ba, sunana za ka ara. Mutanen unguwar nan ba su san jami'arku ba, ni suka sani."

Na ce, "Baba, ba matsala."

Ya ce, "Kai kullum ba matsala."

Shi da kansa ya bi iyayen yara bayan sallah yana gaya musu. Wanda ya fi wuyar shawowa shi ne maƙwabcinmu na jikin katanga, wani Alhaji mai babban gida, da matansa da matan ƙannensa da mahaifiyarsa duk a ciki. Bai kai Baba shekaru ba, hasali ma a gaban Baba ya yi karatu. Mutum ne mai tsare gidansa, ko mai gyaran famfo ba ya shiga sai shi yana tsaye. Amma da Baba ya ce masa yaran suna hannunsa, sai ya saki duka, har 'yan matan. Ya ce tun da Malam ya ce, an gama.

Kai, makonnin farko sun yi daɗi! Alhamis muke zuwa bayan an taso daga boko, tun da ba makarantar allo ranar. Mun shafa wa gorar ruwa baƙin fenti, muka ajiye ta a rana tare da wata fara, yara suka taɓa suka ji bambanci, suka yi ta ihu. Mun ƙona takarda da gilashi. Mun haɗa 'yar fanka da kara da ƙaramar motar tsohuwar rediyo, aka hura ta, wani ɗan ƙwan fitila ya yi ja kamar garwashi, sai ga wata yarinya daga gidan Alhaji tana tambaya ko iskar ce ta shiga cikin wayar. Shugabarmu ta durƙusa ta yi mata bayani har ta gane. Duk inda na bi a unguwa sai in ji "Injiniya! Injiniya!" Kaina kuwa ya yi ta kumbura.

Abin da za mu bar musu shi ne faifan sola guda ɗaya a kan soron zauren, da batir, da ƙwan fitila, da fanka, don yara su ga rana tana aiki ko an ɗauke wuta. Ranar da muka kawo faifan ana wata irin rana mai narka ƙwaƙwalwa. Baba ba ya nan, ya tafi dubiya unguwar Limancin Kona. Yara sun cika zaure har waje, kowa yana so ya taɓa. Na aro tsani, na jingina shi da bango.

To, ga wanda bai tashi a cikin birni ba, bari in faɗa masa. Gidajenmu a manne suke, katanga ɗaya ta raba ka da maƙwabci, kuma tsakar gida ta mata ce. A nan suke shan iska, a nan suke wanki da kitso, ba mayafi ba ɗankwali, don sun san idon namiji ba ya kaiwa. Shi ya sa namiji ba ya hawa sama haka kawai. Ko magini ne zai yi yaɓe, ko mai gyaran indararo, ko mai saran reshe, sai an fara aika yaro gida-gida ya ce a kimtsa, za a hau sama. In ya sa ƙafa a tsani kuma ya ɗaga murya ya yi gafara, ya ɗan jira, sannan ya hau. Ba wanda ya rubuta wannan a ko'ina, kowa dai ya sani. Ni kuwa na fi kowa sani, don ina yaro ni ake aika. Amma shekarun da na yi a ɗakin kwanan ɗalibai, inda muke hawa rufi mu ɗaura eriya ba mai ce mana kanzil, sun wanke mini kai tas.

Na sa ƙafa a matakin farko, shugabarmu ta ce, "Ba wanda ya kamata a sanar kafin ka hau?"

Na ce, "Soron ubana ne, wa zan sanar?"

Aka miƙo mini faifan, na haye.

A sama na manta da duniya. Na juya faifan ya fuskanci kudu, na tokare shi da bulo ya ɗan kishingiɗa, na fito da waya ina duba ko ya daidaita. Yara a ƙasa suna ta kiran Injiniya. Da ya zauna yadda nake so, sai na tuna ana buƙatar hoto a rahoton da za mu miƙa wa malamanmu. Na ɗaga waya na fara ɗauka. Faifan bai shiga duka ba, na ja da baya, na ƙara ja, har na kai bakin soron ta wajen gidan Alhaji, waya a sama.

Sai na ji salati, na ji kwano ya faɗi.

Na duba ƙasa. Innalillahi! Tsakar gidan Alhaji ce shimfiɗe a gabana, matan gidan duk suna waje saboda zafi, daga mai ɗaurin ƙirji sai mai kai a buɗe. Nan take wuri ya hargitse, wannan ta faɗa ɗaki, waccan ta finciko zanin shanya ta lulluɓa, wata ta ɓuya bayan turmi. A tsakiya kuwa, kan tabarma, ga mahaifiyar Alhaji, tsohuwar da duk unguwa ke kira Inna, an tsefe mata kai ana shirin kitso, furfurarta fara fat a waje. Ita ba ta da ƙafar gudu. Hannu biyu kawai ta ɗora a ka, ta ɗago tana kallona.

Da mai hankali ne da ya faɗi a kan cikinsa ya ja jiki ya sauka. Ni sai na sandare, waya a ɗage. Kuma wannan bakin nawa, da bai taɓa sanin lokacin shiru ba, ya buɗe ya ce, "Sannunku da gida."

Wata daga cikin ɗaki ta ƙwalla, "Hoto yake ɗauka! Wallahi hoto yake ɗaukar mu!"

Ban san yadda na sauko ba. Ƙafata tana taɓa ƙasa wani ƙanin Alhaji ya fito kamar an jefo shi, ya fizge wayar daga hannuna, ya nuna ni da yatsa, ya juya. Daga nan aka fara leƙowa daga gidaje ana kiran yara. Kafin ka ce kwabo zaure ya zama wayam, sai mu da batir da wayoyi a ƙasa. Abokan aikina suka tsaya cirko-cirko, waɗanda ba su jin Hausa sosai suna tambaya me ya faru. Shugabarmu ta ce su tattara kaya su tafi. Ko kallon "ai na faɗa maka" ba ta yi mini ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi.

Magana a cikin birni ba ta jiran mota. Kafin la'asar labari ya zama wai ɗan Malam ya kawo 'yan jami'a suna ɗaukar matan aure a waya za su watsa wa duniya, karatun yaran ma dabara ce. Tun a hanya Baba ya ji. Ya shigo, bai zauna ba, ya tsaya a kaina.

"Ka aika kafin ka hau?"

Na ce a'a.

"Ka yi gafara?"

Na ce a'a.

"Tashi mu je."

Zauren Alhaji ya cika da dattawan unguwa. Duk da abin da ya faru, da Baba ya yi sallama sai da Alhaji ya miƙe ya ba shi buzun da yake kai, shi ya koma tabarma. Ni na rakuɓe a bakin ƙofa. Wayata tana ajiye a tsakiya, ba wanda ya iya buɗe ta. Alhaji ya fara magana, ya ce, "Malam, da ba ɗanka ba ne, da ba a nan za a yi maganar nan ba. Ni ban san jami'a ba. Kai ka ce in ba ka yara, na ba ka har mata. Yau iyalina sun kasa fitowa tsakar gidansu."

Maimakon in sunkuyar da kai, sai tsohon halin ya motsa. Na ce hawa dai na hau, kuma na yi kuskure, amma hoto na faifan ne kawai. Na ce wallahi tallahi ba mutum ko ɗaya a ciki, a kawo Alƙur'ani in dafa. Baba ya juyo ya ce, "Ba a tambaye ka rantsuwa ba." Amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Wani dattijo ya ce to abu mai sauƙi, a buɗe a gani.

Na buɗe da hannuna, na miƙa wa Alhaji, ina jin ƙarfin gwiwa, don har ga Allah na yi imani da abin da na faɗa. Ya duba na farko, faifai ne da sararin sama. Ya wuce na biyu, haka. Na fara sakin numfashi. Sai na ga yatsansa ya tsaya. Ya kawar da fuska, ya kife wayar a kan tabarma, ya turo mini ita. Na ɗaga na duba. Hoton ƙarshe ne, wanda na ɗauka ina ja da baya. Faifan yana gefe guda, a kusurwar ƙasa kuwa ga tsakar gidan, ga Inna zaune, kanta a buɗe, ba abin da bai fito ba.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Ga laifin hawa, ga hoto, ga rantsuwar da na yi a gaban dattawa ta zama ƙarya a bakina. Wani ya miƙa hannu zai nuna wa Baba, Baba ya ce, "Ba sai na gani ba."

Sai ya tashi daga kan buzun. Na ɗauka fita zai yi ya bar ni da su, kuma da na cancanci haka. Ashe ba haka ba ne. Ya tako tsakiyar zauren, inda ba shimfiɗa, ya durƙusa a gaban mutumin da ya koya wa karatu. Ya sa hannu ya cire hularsa, ya ajiye ta a ƙasa.

Alhaji ya zabura. "Subhanallahi! Malam, mayar! Don girman Allah mayar!"

Baba ya ce, "Bari, Alhaji. Yaron nan ba shi ya zo ƙofarka neman yara ba, ni na zo. Ta kan katangata aka ga kan mahaifiyarka a buɗe. To ga nawa, kowa ya gani. Ka yafe mana."

Ranar na fara ganin kan mahaifina a bainar jama'a. Furfura ce gaba ɗaya, da ɗan sanƙo a tsakiya, da zanen bakin hula a goshi, gumi yana bin wurin. Ban san ya tsufa haka ba. Dattawan nan duk suka sunkuyar da kai, ba wanda ya iya kallonsa. Ni kuwa, ƙato da ni, ɗan shekarar ƙarshe a jami'a, sai na fashe da kuka kamar an yaye ni. Da duka ya sa aka yi mini a wurin da na gode masa.

Muna cikin haka sai muka ji sandar Inna tana ƙwanƙwasa ƙasa ta bayan ƙofar cikin gida. Ba ta fito ba, daga bayan asabari ta yi magana. Ta ce, "Ku ce wa Malam ya mayar da hularsa, kada ya ƙara mini wata kunyar a kan wadda nake ciki." Alhaji ya ɗauki hular da hannu biyu ya miƙa masa. Sannan ta ce, "Shi kuma mai hawa saman yana nan?"

Na ce, "Ina nan, Inna."

"Kai, ja'iri. Ranar da aka haife ka ni na fara yi maka wanka. Na ga abin da ya fi kai a jikinka, ka ji na ɗauka a hoto?"

Wani dattijo ya yi tari don ya ɓoye dariya. Ni dai kaina yana ƙasa. Ta ce a goge abin nan yanzu a gaban ɗanta, na goge, ƙanin Alhaji ya karɓa ya bincika ko'ina ya tabbatar. Ta ce, "Yara kuma me suka yi? Tun ɗazu suke mini kuka a ka wai an hana su ganin fankar rana. A bar su su koma. Amma duk ranar da za a hau soron nan, ban yarda a aiko mini yaro ba. Shi da gemunsa zai zo ƙofar gida ya faɗa da bakinsa."

Alhaji ya ce ya ji, ya kuma yafe saboda Malam. Amma kada wani ya ɗauka komai ya koma yadda yake. Ƙananan yaransa sun dawo, 'yan matan da suka fara tasawa kuwa ba su ƙara tako zauren ba, har da mai tambayar nan ta iska a cikin waya, wadda ta fi kowa kai a ajin. Wasu gidajen ma ba su sake turo ko ɗaya ba. Kafin damina ta faɗi Alhaji ya kira magina suka ƙara wa katangarsa tsawo ta wajenmu. Har yau tana nan, sabon bulo a kan tsohon gini, duk wanda ya shigo gidanmu zai gani.

Da muka fito, Baba yana gaba ina biye, ina jiran faɗa. Bai yi ba. Sai da muka kai ƙofar gida ya tsaya, bai ko juyo ba, ya ce, "Faifan nan ka bar shi a sama ba ɗauri. Gobe ka ɗaure shi kada iska ta jefa shi gidan mutane. Ka fara zuwa ka faɗa." Daga ranar har ya bar duniya bai ƙara tayar mini da maganar ba, ko da wasa.

Haka na ƙarasa aikin. Faifan sola yana son shara, in ƙura ta rufe shi ba ya ja, don haka kusan kowane mako sai na hau. Kowane hawa kuwa sai na bi ƙofa-ƙofa, in tsaya in ɗaga murya, "Salamu alaikum, a kimtsa, za a hau sama!" Yara suna bina a baya suna maimaitawa, sunan Injiniya ya ɓace, na koma Za-a-hau. Daga cikin gidan Alhaji kuma sai in ji muryar Inna, "To, mun ji, mai hoto." Ranar da muka kunna fitilar da fankar, yaran da suka rage sun yi tsalle sun yi murna, shugabarmu ta sa kowannensu ya taɓa makunnin. Makin da aka ba mu ma na manta shi. Fitilar dai ta zauna, a ƙarƙashinta Baba ya ci gaba da ba da karatun asuba in an ɗauke wuta.

Yanzu sana'ata ke nan, saka sola a gidajen mutane. Yaran da ke aiki tare da ni sun san doka ta farko, kafin a sauke tsani daga mota sai an zaga maƙwabta. Ko a sababbin unguwanni ne, inda kowa ya kewaye gidansa da waya ba wanda ya san wani, sai na tsaya a gindin tsani na yi gafara da ƙarfi. Suna yi mini dariya, wai Oga yana sallama da iska. Ina barinsu su yi.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, duk ilimin da za ka kai wa mutane, ta ƙofarsu ake shigar da shi, da sallama, ba ta saman katanga ba. Kuma in ka ari sunan wani ka yi aiki da shi, ranar da ka yi ɓarna ba kai za ka durƙusa ba, mai sunan ne. Ni an yafe mini tun a zauren nan, Inna ma har ta rasu tana tsokanata. Amma har gobe, in na kama tsani na ɗaga kai sama, ba rufi nake fara gani ba. Hular Baba nake gani a ƙasa.